TARIHIN GERTRUDE ELION, MACEN DA TA ƘAGO MAGUNGUNA A ƘASAR AMURKA

Akwai waɗansu mutane a duniya waɗanda muke cin amfanin aikinsu kullum, amma ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Dattawan cikinmu ba su manta da 'yar ƙwayar nan Daraprim ba, wadda a da akan haɗiya sau ɗaya a mako, galibi ran Lahadi, don tsare kai daga zazzaɓin cizon sauro. Septrin kuwa da wuya a sami malamin asibitin da bai taɓa ba da shi ba. To, Daraprim da ɗaya daga cikin magunguna biyun da aka haɗa aka yi Septrin, duk asalinsu daga ɗakin bincike guda ne a ƙasar Amurka, inda wata mace wai ita Gertrude Belle Elion ta yi aiki har shekara 39. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinta, musamman labarin wani magani mai suna asikilobir, wanda ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya in cutar hafis ta tsananta, da kuma ƙa'idodin da ake bi don kada maganin da kansa ya zama cuta.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Gertrude Elion a birnin Niyu Yok ran 23 ga watan Janairu, 1918. Iyayenta Yahudawa ne waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka tun suna yara. Uban, Robert Elion, daga Lituweniya ya zo, ya yi karatu da wahala har ya zama likitan haƙori. Uwar, Bertha Cohen, ta fito daga wani yanki wanda a lokacin yake hannun Rasha, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Folan. A farko suna zaune a unguwar Manhatan, gidansu haɗe da ɗakin da uban yake duba masu ciwon haƙori. Bayan an haifa mata ƙane sai suka koma unguwar Buronkis.

Tun tana ƙarama malamanta suka lura da kaifin basirarta, har sau biyu ana tsallakar da ita aji. Saboda haka ta gama makarantar sakandare tana da shekara 15 kacal. Amma kafin wannan lokaci masifa ta riga ta auka wa gidansu. Cikin 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, dukiyar da ubanta ya tara ta salwanta, ba shi da halin biya mata kuɗin jami'a. Abin da ya cece ta shi ne wata kwalejin mata ta birnin, Kwalejin Hunter, wadda a zamanin ba ta karɓar ko kwabo daga yarinyar da ta ci jarrabawa da kyau. Nan ta shiga cikin 1933.

A wannan shekara kuma kakanta, wanda suka shaƙu ƙwarai, ya kwanta da ciwon daji na ciki. Ta riƙa zuwa asibiti tana ganin azabar da yake sha, likitoci kuwa ba su da abin da za su yi masa, har ya rasu. Wannan abu ya tsaya mata a rai, shi ya sa da aka ce ta zaɓi fannin da za ta karanta sai ta zaɓi ilmin sinadarai, watau kemistiri, da niyyar wata rana ta sami maganin ciwon daji. Ta fita daga kwalejin cikin 1937 da daraja ta ƙoli, tana da shekara 19.

WAHALAR NEMAN AIKI

Da ta fito da takardar shaidarta sai ta tarar duniya ba ta shirya karɓarta ba. Zamanin matsin tattalin arziki ne, aiki ya yi wuya ko ga maza, balle mace mai neman aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ta rubuta wa jami'o'i 15 tana neman taimakon kuɗi don ta ci gaba da karatu, ko ɗaya ba ta amsa mata da alheri ba. A wani wuri ma an hana ta aiki bisa hujjar cewa zamanta a ɗakin gwaji zai ɗauke hankalin maza daga aikinsu.

Da ta rasa yadda za ta yi sai ta shiga makarantar koyon aikin akawu da buga tafireta, ta yi mako shida. Daga nan ta sami aikin koyar da 'yan mata masu koyon jinya na wata uku. Bayan wannan ta sami wani masanin sinadarai ya yarda ta riƙa taimakonsa ba albashi, ita kuwa ta karɓa don ta ga ilmin da za ta samu ya fi kuɗi. Daga baya ya fara ba ta dala 12 a mako, har ya kai dala 20. Da ɗan abin da ta tara da kuma taimakon iyayenta ta shiga Jami'ar Niyu Yok cikin 1939, ita kaɗai ce mace a ajinsu. Da rana tana koyarwa a makarantun sakandare, da dare da ranakun hutu tana bincikenta, har ta sami digiri na biyu cikin 1941.

A cikin wannan shekara ta 1941 wani babban rashi ya same ta. Saurayin da aka sa musu rana, Leonard Canter, ya kamu da ciwon da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a cikin zuciya, ya rasu. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka fanisilin ya yawaita, aka riƙa warkar da masu irin wannan ciwo. Gertrude ba ta yi aure ba har ƙarshen ranta, 'ya'yan ƙanenta ta riƙa tamkar nata.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu maza suka tafi fagen fama, ɗakunan gwaji suka rasa ma'aikata, sai ƙofofin da aka rufe wa mata suka fara buɗewa. Ta sami aiki a wani kamfanin sayar da abinci, tana auna tsamin kayan lambun da ake jiƙawa cikin kwalba, tana duba launin gwaiduwar ƙwai. Ta koyi sarrafa na'urori a wurin, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, gama ba don wannan ta yi karatu ba. Ta koma wani ɗakin bincike na kamfanin Johnson & Johnson, shi kuwa wata shida ya yi aka rufe shi.

HAƊUWARTA DA DOKTA HITCHINGS

Cikin 1944 ta je neman aiki a kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome da ke garin Tuckahoe, kusa da Niyu Yok. A nan ta gamu da Dokta George Hitchings, ya ɗauke ta mataimakiyarsa a kan dala 50 a mako. Daga ranar nan suka yi aiki tare fiye da shekara 20.

Don mu gane girman aikinsu sai mu san yadda ake neman magani a wancan zamani. Galibi akan ɗebo sinadarai barkatai ne a yi ta gwada su a kan dabbobi, in an yi katari a dace da wanda ya yi amfani. Hitchings kuwa yana da wani tunani dabam. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma ba ƙwayar da za ta rabu biyu ta hayayyafa sai ta fara ƙera wani dogon zare da ake kira DNA, wanda a cikinsa aka ajiye dukan tsarin halittarta. Shi wannan zare da waɗansu tubala iri huɗu ake gina shi. Ƙwayoyin ciwon daji da na bakteriya da na zazzaɓi suna hayayyafa da sauri ƙwarai, don haka bukatarsu ga tubalan ta fi ta lafiyayyen jiki. To, in aka ƙera tubali na jabu, mai kama da na gaske har magini ya ɗauka ya sa a gini, sai ginin ya tsaya ko ya rushe. Abin mamaki shi ne sun fara wannan aiki tun shekara tara kafin Watson da Crick su bayyana siffar DNA cikin 1953.

Hitchings ya danƙa wa Gertrude sashen tubalan da ake kira furin. Ta duƙufa tana ƙera su ɗaya bayan ɗaya, suna gwada su a kan wata bakteriya da ake samu a cikin nono, su ga wanne ne zai hana ta girma. A lokacin kuma tana zuwa karatun digirin dokta da dare a wata kwaleji a Burukilin, tafiya mai nisa cikin jirgin ƙasa. Bayan shekara biyu hukumar kwalejin ta ce mata ko dai ta bar aiki ta zo karatu sosai, ko ta bar karatun. Ta auna, ta zaɓi aikinta. Saboda haka har ta rasu ba ta da digirin dokta na jarrabawa, ko da yake daga baya jami'o'i fiye da 20 sun ba ta na girmamawa.

SANKARAR JINI DA DASHEN ƘODA

Cikin 1951 ta ɗauki ɗaya daga cikin tubalan nan, ta cire masa ƙwayar oksijin guda ta sa ta farar wuta a madadinta. Abin da ya fito shi ne maganin da ake kira 6-MP. A zamanin nan yaron da ya kamu da sankarar jini mai tsanani, watau ciwon dajin da ke lalata fararen ƙwayoyin jini, da wuya ya wuce 'yan watanni. Aka gwada sabon maganin a asibitin Sloan-Kettering ƙarƙashin Dokta Joseph Burchenal, sai ga yara da yawa sun tashi sun koma wasa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da shi cikin 1953.

Amma murnar ba ta daɗe ba, gama bayan 'yan watanni ciwon yakan dawo, yaran su mutu. Wannan ya dame ta ainun, ta shafe shekaru tana bin diddigin abin da ke faruwa da maganin bayan ya shiga jiki, inda yake zuwa, da yadda jiki ke narkar da shi. Daga bisani likitoci suka gane cewa in aka haɗa 6-MP da waɗansu magunguna, aka jure ba da su shekara biyu ko uku, ciwon yakan warke sarai. A yau a ƙasashen da ke da asibitoci masu kayan aiki, kusan yara 9 cikin 10 masu wannan ciwo suna rayuwa, kuma har yanzu 6-MP yana cikin magungunan da ake ba su.

Daga wannan bincike kuma waɗansu rassa suka tsiro. Cikin 1957 suka ƙera wani ɗan'uwan 6-MP wanda aka sa wa suna Imuran. Bai fi na farkon amfani ga sankara ba, amma aka gano yana kwantar da garkuwar jiki. Ai kuwa abin da ya hana dashen ƙoda a da ke nan, domin jikin mutum yakan ɗauki ƙodar wani a kan baƙuwa ya yaƙe ta, sai fa in tagwaye ne masu kama ɗaya. Wani likitan fiɗa na Ingila, Roy Calne, ya gwada Imuran a kan karnuka ya ga nasara, sa'an nan Dokta Joseph Murray na Boston ya yi amfani da shi ga mutane tun daga farkon shekarun 1960. Daga nan dashen ƙoda tsakanin mutanen da ba dangi ba ya yiwu. Har wa yau daga ɗakin nan aka sami Zyloprim, maganin ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut.

YAƘI DA CUTAR HAFIS

Cikin 1967 aka ɗaga Hitchings zuwa babban muƙami, ita kuwa aka naɗa ta shugabar sashen gwajin magunguna. A nan ta sami damar bin ra'ayin kanta, sai ta juya ga abin da yawancin masana suka riga suka fid da rai a kai, watau maganin bairas.

Bairas ta bambanta da bakteriya. Ita bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, ana iya kashe ta da fanisilin da makamantansa ba tare da an taɓa jikin mutum ba. Bairas kuwa ba ta iya hayayyafa sai ta kutsa cikin ƙwayar jikin mutum ta yi aiki da kayan da ta tarar a ciki. Don haka masana suka ɗauka duk maganin da zai kashe ta lalle ya kashe maigidan da ta sauka a wurinsa. 'Yan magungunan da ake da su a lokacin kuwa dafinsu ya yi yawa, waɗansu sai dai a ɗiga a ido ko a shafa a fata.

Hafis sunan wata zuriya ce ta bairas. A cikinta akwai wadda ke kawo ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, akwai mai fitowa a al'aura, akwai kuma mai kawo ƙarambau. Halinsu ɗaya ne: in sun shiga jiki ba su fita, sai su laɓe a cikin jijiyoyi su jira ranar da jiki zai yi rauni. Ita ta ƙarambau takan farka bayan shekaru da yawa ta fito da ƙuraje masu zafi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, a jere kamar ɗamara. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan biyu bisa uku na mutanen duniya da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da irin ta leɓe. Ga mai lafiya abin bai wuce 'yar damuwa ta 'yan kwanaki ba. Amma ga jariri sabon haihuwa, da mai shan maganin ciwon daji, da wanda aka yi wa dashe, da mai ƙanjamau, takan bazu ta kashe. In kuwa ta hau ƙwaƙwalwa ba a yi magani ba, mutum 7 cikin 10 sukan mutu, waɗanda suka tsira kuma galibi da naƙasa.

Cikin 1968 Gertrude ta tuna da wani tubalin jabu da ta ƙera shekara 20 da suka wuce, wanda ya nuna alamar hana bairas amma aka ajiye shi saboda dafinsa. Ta gyara shi, ta aika wa Dokta John Bauer a ɗakin binciken kamfanin da ke Ingila, sai amsa ta zo cewa yana kashe hafis. Cikin 1970 kamfanin ya ƙaura zuwa jihar Karolina ta Arewa, wani masani kuma, Howard Schaeffer, ya shigo aikin. Shi da Lilia Beauchamp ne suka ƙera asikilobir cikin 1974. Aikin Gertrude da mutanenta shi ne gano dalilin da ya sa yake kashe bairas ya bar mutum, da yadda jiki ke sarrafa shi, domin sai an san wannan za a iya ba ɗan Adam shi da kwanciyar hankali. Suka yi shekara huɗu suna aikin a asirce, sa'an nan suka bayyana sakamakon a ƙarshen 1977.

Ga abin da suka gano. Asikilobir yana shiga jiki ne kamar wuƙa a cikin kube, ba ya yanka kome. Ƙwayar jiki mai lafiya ba ta iya zare shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma bairas ɗin hafis tana da wani sinadari nata na kanta mai suna taimidin kainas, wanda take aiki da shi wajen shirya tubala. Shi wannan sinadari yakan ɗauki maganin a kan tubalin gaske ya fara shirya shi, kayan aikin ƙwayar jiki su ƙarasa. Da bairas ta sa shi a zaren da take ginawa sai zaren ya yanke, domin tubalin ba shi da maƙalar da na gaba zai kama. Watau bairas ce da hannunta ke zare wuƙar da za ta yanka ta. A gwajin da suka yi, sai an ninka maganin kamar sau 3,000 bisa abin da ke hana bairas kafin ya hana lafiyayyar ƙwaya girma.

Cikin 1982 aka yarda da shi a Amurka da sunan Zovirax, na shafawa da na ɗurawa ta jijiya, na haɗiya kuma ya biyo baya cikin 1985. Wani babban gwaji da Dokta Richard Whitley ya jagoranta, aka buga cikin 1986, ya nuna cewa cikin masu hafis ta ƙwaƙwalwa da aka ba asikilobir kashi 28 bisa 100 ne suka mutu, waɗanda aka ba tsohon magani kuwa kashi 54.

ƘA'IDODIN BA DA SHI TA JIJIYA

Mai karatu zai tambaya, tun da akwai na haɗiya, mene ne na ɗura shi ta jijiya? Dalili shi ne hanji ba ya tsotsar wannan magani sosai, abin da ke isa jini bai wuce kamar ɗaya bisa biyar na abin da aka haɗiya ba. Wannan ya isa ga ƙurajen leɓe ko na al'aura. Amma in cutar ta hau ƙwaƙwalwa, ko ta kama jariri, ko ta bazu a jikin wanda garkuwarsa ta raunana, tilas a sa shi cikin jini kai tsaye. Ga babban mutum mai ciwon ƙwaƙwalwa akan ba da miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsa, kowace awa 8, har kwana 14 zuwa 21. Jariri kuwa miligiram 20 ga kowane kilo. Ƙayyade wannan aikin likita ne kaɗai, a kan gadon asibiti, bayan an auna nauyin majiyyaci da lafiyar ƙodarsa.

Ƙa'ida ta farko ita ce a ɗura shi a hankali. Akan narkar da shi, a sirka shi cikin ruwan nan da ake ƙara wa majiyyaci, a bar shi yana ɗiga har awa guda cur. Ba a tura shi gaba ɗaya da sirinji. Dalilin wannan yana cikin abin da Gertrude da mutanenta suka gano, cewa yawancin maganin ta fitsari yake fita kamar yadda ya shiga, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Kowa ya san in aka zuba kanwa da yawa cikin ruwa kaɗan sai ta kwanta a gindin ƙwarya. Haka maganin yake yi in ya taru a ƙoda da sauri: sai ya daskare ya zama ƙananan tsinke kamar allurai, ya toshe hanyoyin fitsari, ƙoda ta tsaya.

Ta biyu tana bin ta farko, watau a wadata majiyyaci da ruwa, ta baki ko ta jijiya, a kuma riƙa auna yawan fitsarinsa. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda mai zazzaɓi yakan iso asibiti jikinsa ya riga ya bushe, wannan ƙa'ida ta fi kowace muhimmanci. Akan gwada jini kafin a fara da kuma lokacin da ake ba da maganin don a ga yadda ƙoda ke aiki. Wanda ƙodarsa ke da rauni akan rage masa ko a tsawaita lokacin da ke tsakanin ɗuri da ɗuri. Akan kuma yi hattara in majiyyaci yana karɓar wani magani mai wahalar da ƙoda, kamar jentamaisin. Mai ƙiba ƙwarai kuwa ba da dukan nauyinsa ake lissafi ba, don kada abin ya yi masa yawa.

Ta uku, ba a yin allurarsa a tsoka ko a ƙarƙashin fata, gama ruwansa yana da kaifi irin na toka, yana ƙona nama. Ko a jijiya ma in allurar ta goce ruwan ya tsiyaya gefe, wurin yakan kumbura har ya yi gyambo. Saboda haka mai jinya yakan riƙa duba wurin, in ya ga ja ko kumburi ya sake jijiya. Wanda aka riga aka narkar ba a sa shi a firji, don sanyi yana sa shi daskarewa, ba a kuma ajiye shi ya kwana biyu.

Ta huɗu ta shafi 'yan'uwa masu zaman jinya. In maganin ya taru a jini, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, yakan taɓa ƙwaƙwalwa: mutum ya ruɗe, ko ya yi ta barci, ko hannunsa ya riƙa rawa, ko ya riƙa ganin abin da babu. Wanda ya ga haka, ko ya ga fitsarin majiyyaci ya ragu, sai ya gaya wa likita nan da nan. Galibi in aka tsai da maganin ko aka rage shi abin yakan wuce, in kuwa ya yi tsanani na'urar wankin ƙoda tana cire shi daga jini.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata kowa ya sani. Na ɗaya, hafis ta ƙwaƙwalwa takan zo da zazzaɓi da ciwon kai da ruɗewa da farfaɗiya, alamun da a wurinmu akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likita ne zai rarrabe, kuma in ya yi zargin hafis ce yakan fara maganin tun kafin sakamakon gwaji ya fito, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya zama sanadin mutuwa ko naƙasa. Na biyu, asikilobir yana hana bairas hayayyafa ne kawai, ba ya fitar da wadda ta laɓe a jijiya. Duk mai yawo da allura a kasuwa da ya ce zai raba mutum da hafis har abada, kuɗinsa yake so.

GIRMAMAWA DA RASUWARTA

Gertrude Elion ta yi ritaya cikin 1983, amma ba ta bar zuwa ofis ba. Mutanen da ta horar ne suka bi hanyar da ta shimfiɗa har suka fito da AZT, maganin farko na ƙanjamau, wanda aka yarda da shi cikin 1987. Ita da kanta ba ta yarda a jingina mata wannan aiki ba, ta bar yabon ga waɗanda suka yi shi. Ta yi aiki a kwamitocin Hukumar Lafiya ta Duniya masu kula da cututtukan ƙasashe masu zafi, ta kuma riƙa ɗaukar ɗaliban likita na Jami'ar Duke tana koya musu yadda ake bincike.

Cikin 1988 aka ba ta Lambar Nobel ta fannin likitanci, tare da Hitchings da Sir James Black na Birtaniya, saboda sababbin ƙa'idodin neman magani da suka kafa. Ita ce mace ta biyar da ta sami lambar a wannan fanni. Cikin 1991 Shugaba George Bush ya ba ta lambar kimiyya ta ƙasa, kuma a shekarar ta zama mace ta farko da aka sa sunanta a zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka. Takardun mallakar ƙirƙira 45 ne ke ɗauke da sunanta. Duk da haka abin da ta fi ji da shi shi ne wasiƙun da iyayen yara da sauran waɗanda suka warke suka riƙa aiko mata, ta adana su. A lokacin hutunta tana son tafiye-tafiye da ɗaukar hoto da sauraron kiɗan Turawa. Ta rasu a garin Chapel Hill ran 21 ga watan Fabrairu, 1999, tana da shekara 81.

ABIN LURA

Mu da aikinmu ya shafi makarantu, akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba a cikin wannan tarihi. Da Kwalejin Hunter ta nemi kuɗi a hannun uban da ya karye, da yarinyar nan ta tsaya a sakandare. Da Hitchings ya bi ra'ayin waɗanda suka kore ta don tana mace, da ta ƙare kwanakinta tana duba gwaiduwar ƙwai. A kowane aji da malami ya shiga akwai yaro ko yarinya mai irin wannan basira, kuma sau da yawa abin da ke tsakaninsu da ci gaba bai wuce kuɗin makaranta na zango ɗaya ba, ko kalmar malami guda da za ta sa uba ya haƙura ya bar 'yarsa ta ƙarasa karatu. Muna roƙon malamai da akawuna da ke karanta wannan shafi su sa ido a kan irin waɗannan yara a garuruwansu, su kai maganarsu inda ya kamata tun lokaci bai ƙure ba.